Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙananan Laimomin Kwaɗi na Cikin Ciyawar Gida

A ƙasashen da ake shimfiɗa ciyawa a ƙofar gida ana aske ta duk mako, irin su Ingila da Jamus da Kanada da Amurka, akwai wata fargaba da iyaye ke shiga kowace shekara. An kwana ana ruwa, gari ya waye ciyawa ta jiƙe sharkaf, yaro ɗan shekara biyu ya fita yana tatata. Uwa ta waiwayo ta tarar yana mamular wani abu, a hannunsa kuma ga guntun karan laimar kwaɗi. 'Yar mitsitsiya ce, hularta ba ta wuce kan babban yatsa ba, launinta ruwan ƙasa. Nan take ta ɗauki waya jiki na rawa: mece ce wannan, kuma tana kisa?

Tambayoyi biyu ta haɗa a numfashi ɗaya, kuma a ganina yawancin ruɗanin da ke cikin wannan batu daga haɗa su yake tasowa. Ta farko, wato ainihin sunan laimar, tana da wuyar gaske. Ƙwararren da ya shekara talatin yana wannan aiki ma sau da yawa sai ya sa ta a madubin likita kafin ya buɗe baki. Ta biyu ta fi sauƙi, domin masu kisa a cikin waɗannan ƙanana sanannu ne, kuma suna da alamomin da kowa zai iya koya. Wanda ya nace sai ya ji suna yakan ƙare da sunan da ba nata ba, ya kwanta a kansa. Wanda ya tambayi ko wannan na iya zama ɗaya daga cikin miyagun, shi ke samun amsar da za ta amfane shi.

Masu bin laimomin kwaɗi a ƙasashen Turanci sun daɗe da sanin haka, har suka tara ɗaruruwan iri a ƙarƙashin laƙabi ɗaya, LBM, harufan farko na kalmomi uku da ke nufin ƙananan laimomi masu ruwan ƙasa. Littafin David Arora mai suna Mushrooms Demystified, wanda ya fara fitowa a 1979, na cikin waɗanda suka yaɗa laƙabin. Mu ma a bakinmu rabon gida biyu ne: wadda ake ci naman kaza, wadda ba a ci laimar kwaɗi. Sai dai ita halittar ba ta san da wannan rabo ba. Dangin nan, idan aka haɗa da funfuna da yis, an raɗa wa kusan iri 150,000 suna, kuma wani ƙiyasi na 2017 ya ce jimlarsu na tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8.

Abin da muke gani a saman ƙasa ɗa ne kawai, kamar yadda mangwaro yake ɗan itacensa. Uwar tana ƙarƙashi: saƙar fararen zaruruwa da suka fi gashi siranta, suna cin matacciyar ciyawa, ko taki, ko ruɓaɓɓen itace, wasu kuma sun ƙulla zumunci da saiwar bishiya mai rai. A riƙe wannan, domin abincin uwar shi ne shaida ta farko a kan ɗan.

Wadda aka fi yawan cirowa daga bakin yara a ciyawar Turai da Amurka ita ce Panaeolus foenisecii, wasu littattafan kuma su rubuta Panaeolina. Christiaan Persoon ne ya fara bayaninta a 1800, kuma rabin sunanta na biyu yana nufin yankan ingirici, domin tana son wurin da ake yanka ciyawa a kai a kai. Hularta santimita 1 zuwa 3 ce, kamar 'yar ƙararrawa ko kifaffen ƙoƙo. Karanta siriri ne, mai rami a ciki, mai saurin karyewa, ba shi da zobe. Babban abin da ke ruɗa mutane game da ita shi ne sauya launi. Da asuba, tana jiƙe da raɓa, ruwan makuba ce. Da hantsi sai ta fara bushewa daga tsakiya, tsakiyar ta koma ruwan ƙasa mai haske, bakin hular ya rage da duhu kamar an ja masa kwalli. Kafin azahar duk ta koɗe. Mutum zai iya tsintar guda uku a taku ɗaya ya rantse iri uku ne. Idan aka kifa ta, fallayen da ke ƙarƙashin hular suna da dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani wuri haske, saboda ƙurar irin da ke jikinsu ba ta nuna lokaci guda. An taɓa zarginta da sa maye, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su mara wa zargin baya ba, kuma yaron da ya tauna ɗaya ko biyu galibi ba abin da ke samunsa, ko ya tsaya ga ɗan ciwon ciki.

Da a ce ita kaɗai ke fitowa a ciyawa, da magana ta ƙare. Matsalar ita ce maƙwabtanta, kuma hanyar raba su mafi arha ba ta bukatar komai sai takarda da kofi da haƙuri. A yanke karan daga gindin hula, a kifa hular a kan takarda, fallayen na kallon ƙasa. An fi son a haɗa farar takarda da baƙa, rabin hular a kan wannan rabi a kan waccan, ko a yi amfani da gilashi, domin farar ƙura ba ta fitowa a farar takarda. A ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a saman hular, a rufe da kofi don kada iska ta kwashe, a bar ta awa huɗu zuwa kwana. Idan aka ɗaga za a ga tambari, zane mai kama da ƙafar keke, na miliyoyin ƙwayoyin iri da suka zubo. Launin hula yana bin rana da ruwa da tsufa, amma launin wannan tambari ba ya sauyawa. Tun 1729 Pier Antonio Micheli na Italiya ya nuna cewa daga wannan ƙura laimomi ke tsirowa, kuma Elias Fries na Suwidin, a littafinsa na 1821, da launinta ya kasa masu fallaye gida-gida. Shekara ɗari biyu ke nan, har yau ba a sami abin da ya fi ta sauƙi ga mutumin da ba shi da ɗakin gwaji ba.

Tambarin Panaeolus foenisecii ruwan ƙasa ne mai duhu, irin na dafaffen kofi. Idan ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi, to wataƙila 'yar'uwarta ce, Panaeolus cinctulus, wadda ta fi son ciyawar da aka zuba wa taki, kuma ita tana ɗauke da sinadarin psilocybin mai juya hankali. Idan ruwan ƙasa ne da ya karkata zuwa shunayya, hular kuma tana da tsini kamar kan nono da wata fata mai yauƙi da ke saɓulewa, ana zargin Psilocybe semilanceata, ko da yake ita ta fi zama a makiyayar tumaki da shanu. Ita ce daga baya masana suka gane a labarin da likita Everard Brande ya rubuta, na wani magidanci da ya tsinto laimomi a Green Park na Landan a watan Oktoba na 1799 ya dafa wa iyalinsa karin kumallo, ɗansa mai shekara takwas ya dinga ƙyalƙyala dariyar da ba mai iya tsayar da ita. Waɗannan suna firgita yaro, suna iya kai shi asibiti, amma ba su ke cin hanta ba. Sai su Psathyrella masu raunin jiki da su Agrocybe pediades mai hula ruwan zuma, waɗanda ba a san su da kisa ba.

Launin da ya kamata ya tsayar da mutum cak shi ne na tsatsa, ruwan ƙasa mai ja-ja kamar garin kirfa. A wannan gida akwai Conocybe apala, doguwa siririya mai hula kamar mazurari ruwan madara, wadda ke fitowa da asuba ta langaɓe kafin rana ta take. Ita da sauƙi. Amma a gidan nan ne kuma ake samun Pholiotina rugosa, wadda tsofaffin littattafai ke kira Conocybe filaris, sananniya a ciyawa da ɓarɓashin katakon da ake zubawa a gindin furanni a arewa maso yammacin Amurka. Hularta ba ta kai santimita 3 ba, kuma alamarta wani ɗan zobe ne a tsakiyar kara mai zane-zane a samansa. Zoben yana iya zamewa ya faɗi, don haka rashinsa ba ya wanke ta. Sai babbarsu, Galerina marginata, mai hula ruwan zuma mai ɗan danƙo idan ta jiƙe, da siririn zobe, da karan da ke ƙara duhu zuwa gindi.

Littattafai za su ce Galerina a jikin itace take fitowa, kuma gaskiya ne. Amma a nan ne mutane ke faɗawa rami. Ciyawar gida tana rufe abubuwa da yawa: kututturen da aka sare shekaru biyar da suka wuce, matacciyar saiwa, guntun katakon da magina suka binne. Laimar za ta ratso ta cikin ciyawa tsaf kamar ba ruwanta da itace. Wannan ya taɓa ruɗa masana kansu. A 1953 Alexander Smith ya ba wata da aka samu a cikin ciyawa a jihar Oregon suna na daban, Galerina venenata, sai a 2001 Gro Gulden ta Norway da abokan aikinta suka gwada ƙwayoyin gado suka nuna cewa ita da wasu da ake ɗauka daban duk Galerina marginata ce. Shi ya sa ba a tsinke laimar da ake son ganewa. Tono ta ake yi da wuƙa ko cokali, a duba abin da gindinta ya kama.

Gubar Galerina marginata da Pholiotina rugosa ana kiranta amatoxin, ita ce kuma ke cikin Amanita phalloides, wadda ta fi kowace laima kashe mutane a duniya. Yadda take aiki shi ne abin da nake so kowane uba da uwa su fahimta, ko da sun manta duk sunayen da ke sama. Tana shiga ƙwayoyin hanta ta tsayar da wani sinadari, RNA polymerase II, wanda sai da shi ƙwaya ke iya karanta umarnin ƙera furotin. Ƙwayar ba ta mutuwa nan take. Tana ci gaba da aiki da abin da ta tara, sai ya ƙare. Saboda haka awa shida zuwa ashirin da huɗu na farko mutum lafiyarsa lau. Sannan amai da gudawa su taso kamar na kwalara, su yi kwana ɗaya ko biyu. Sannan su lafa, maras lafiya ya tashi zaune ya nemi abinci, 'yan'uwa su yi hamdala. A daidai wannan lokaci hanta ke narkewa. Rana ta uku zuwa ta biyar ido ya yi rawaya, jini ya daina daskarewa, hankali ya gushe, wani lokaci ƙoda ma ta tsaya. An ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin goma na miligiram a kan kowane kilo na nauyin jiki na iya kisa. Yaro mai kilo 12 ke nan abin da ya ɗara miligiram ɗaya kaɗan ya ishe shi. Dafuwa ba ta karya ta, suya ba ta karya ta, shanya ba ta karya ta.

Farin tambari ma ba takardar wankewa ba ce. A wannan gida akwai Marasmius oreades, wadda ke fitowa a da'ira, domin uwarta tana cin ƙasa daga tsakiya zuwa waje kowace shekara, har ciyawar gefen da'irar ta fi sauran kore. Ana cinta a Turai. Fallayenta a warwatse suke da tazara, karanta kuma yana da tauri, ana iya murɗa shi kamar igiya bai karye ba, kuma idan ta bushe aka yi ruwa sai ta farfaɗo. Amma a ciyawa ɗaya, a lokaci ɗaya, wani lokaci ma da'irarsu na ratsa juna, akwai Clitocybe rivulosa, mai hula fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, fallayenta a cunkushe suna ɗan gangarowa kan kara. Gubarta muscarine ce, irin wadda ke cikin dangin Inocybe, masu hula zare-zare mai tsagewa daga baki, da tambari ruwan yumɓu, waɗanda ke fitowa a gefen ciyawa kusa da bishiyoyi. Muscarine ba ta ɓoye kanta: cikin minti talatin zuwa awa biyu gumi ya keto, yawu da hawaye su dinga zuba, ƙwayar ido ta tsuke, bugun zuciya ya ragu. Tana da makari a asibiti, allurar atropine, amma tana kashe karnuka, kuma ƙaramin yaro ba abin wasa ba ne a gabanta. Har ila yau cikin masu farin tambari akwai ƙananan Lepiota, masu hula da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa ko ruwan hoda a kan fari, kuma wasunsu amatoxin ce cike da su. An ambaci ɗaya daga cikinsu a annobar da ta auka wa yammacin Iran a 2018, inda fiye da mutum 1,000 suka ci guba, fiye da goma suka rasu.

Dabarun da ake gada daga kakanni ba sa aiki a nan, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina: wai cokalin azurfa zai yi baƙi, wai idan ƙwari ko katantanwa sun ci to mutum ma zai iya, wai mai guba tana da ɗaci ko wari. Katantanwa na cin Amanita phalloides ta wuce abinta, waɗanda suka ci suka rayu kuma sukan ce daɗi gare ta. Sabuwar dabarar ita ce manhajar waya mai gane laima daga hoto. Masu bincike a Ostireliya sun gwada uku daga cikinsu, sakamakon ya fito a 2023, kuma wadda ta fi ƙwazo ba ta dace ba sai a kusan rabin samfuran. Ba abin mamaki ba ne. Hoton sama ba ya nuna launin ƙura, ba ya nuna kututturen da ke binne, ba ya nuna ko ƙwayar irin santsi gare ta ko kaushi, alhali kuwa kaushin nan, wanda sai a madubin likita ake gani, shi ne ke tabbatar da Panaeolus foenisecii. Manhaja na iya nuna wa mutum dangin da zai fara bincika. Ba ta isa a jingina ran yaro a kanta ba.

Ra'ayina a kan ci kuwa a fili yake: kada a ci ko ɗaya daga cikin ƙananan nan, har da Marasmius, sai in mutum ya koya hannu da hannu a wurin wanda ya san na yankin. Abin da za a samu bai cika cokali biyu ba, ga kuma maganin kashe ciyawa da ake fesa wa irin waɗannan filaye.

Na ce na yankin ne da gangan, saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen nan. A gida, naman kazan da ke fitowa a suri da damina, wato Termitomyces, abinci ne mai kyau, kuma yawancinsu ana gane su da doguwar jela da ke nutsawa har gidan gara. Wanda ya tashi yana cinsu ya san su. Amma sanin nan na ƙasarsa ne, ba ya hawa jirgi tare da shi. A watan Satumba na 2015 asibitin koyarwa na Hannover a Jamus ya ba da rahoton mutum fiye da talatin, akasarinsu 'yan gudun hijirar Siriya, da suka ci Amanita phalloides saboda ta yi musu kama da wadda suke ci a gida. A Kalifoniya an sha ganin haka tsakanin baƙi daga kudu maso gabashin Asiya. Ko a nan wajenmu, a filayen ƙwallo da ciyawar gidajen da ake ban ruwa, akwai Chlorophyllum molybdites, babba fara mai ɓawo a hula da zobe a kara, mai cika ido kamar abinci, wadda ke sa amai da gudawa mai tsanani cikin awa ɗaya zuwa uku. Tambarinta kore ne, kuma ita ce ta fi kowace laima yawan kwantar da mutane a Amurka.

Laimomin ba cuta ba ne ga ciyawa, su ke mayar da mataccen ganye taki, kuma taɓa su da hannu ba ya cutarwa, har masu kisan. Tsinke su ba ya kashe uwar da ke ƙasa. Mai ƙananan yara abin da zai yi shi ne ya zaga da safe bayan ruwa kafin su fito, ya kwashe abin da ya gani, ya tone tsohon kututture idan akwai, ya rage ban ruwa, ya share tarin yankakkiyar ciyawa.

Idan kuwa an riga an ci, a zaƙulo abin da ya rage a baki, a duba agogo a rubuta lokacin. A tono wasu irinta daga wurin da gindinsu, manya da ƙanana, a naɗe a takarda, domin leda tana narkar da su cikin 'yan awoyi. A ɗauki hoton sama da ƙasa da gindi da wurin da suka fito, har da bishiyar da ke kusa. Idan yaron ya yi amai, a ajiye aman, ana iya samun ƙurar irin a ciki. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda muka saba, ba sa ɗaure wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi. Kada a zauna jiran tambari ya fito. A kifa hula ɗaya a takarda a tafi da ita, a kira layin cibiyar guba, 1-800-222-1222 a Amurka, ko layin neman shawarar lafiya na 111 a Ingila, ko a nufi asibiti. A awoyin farko gawayin asibiti na iya kama gubar tun tana hanji. Daga baya sai ƙarin ruwa mai yawa, da magunguna irin su silibinin da N-acetylcysteine, wani lokaci har dashen hanta.

A gaya wa likita lokacin da aka ci da lokacin da aka fara amai, domin tazarar da ke tsakaninsu ita zai fara dubawa. Amai cikin awa biyu ko uku galibi na masu sauƙin ne, sai fa in yaron ya haɗa iri biyu. Yaron da ya ci da safe, ya wuni yana wasa, amai ya tashe shi cikin dare, shi ne wanda za a kwantar, kuma ko ya warware washegari yana neman shayi da burodi ba za a sallame shi ba sai an auna jinin hantarsa an sake aunawa har kwana biyu zuwa uku.